Nasiha Ga Wanda Aka Kora Daga Aikin Jinya

  

Ya kai ɗan'uwa matashi, wannan nasiha ce a kan ranar da ba mai fatan ganinta, wato ranar da za a miƙa wa ma'aikaci takardar kora. Na keɓe maganar ga malamin asibiti mai aikin jinya, domin mu mutanen Tudun Jukun maƙwabtan asibiti ne tun da daɗewa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello nan Tudun Wada yake kafin a mayar da shi Shika a 2005, kuma ganin masu fararen kaya safe da yamma ya ja samarinmu da yawa zuwa makarantar koyon jinya. Amma ko kai malamin makaranta ne ko direba, maganar ta shafe ka.

Ka sani kora ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwar sallamar malaman firamare fiye da 21,000. A watan Mayu na 2021, lokacin yajin aikin gargaɗi na Ƙungiyar Ƙwadago, gwamnatin jihar ta ba da sanarwar korar nas-nas da ke ƙasa da mataki na 14 saboda shiga yajin. Ba shari'ar waɗannan al'amura na zo yi ba. Abin lura shi ne, a duk inda aka yi kora akan sami wanda ya yi laifi, akan kuma sami wanda guguwa ce kawai ta kwashe shi, alhali takarda iri ɗaya aka ba su.

To, tambaya a nan ita ce: shin wannan takarda ta yanke hukunci a kan darajarka? Me ta ƙwace maka, me kuma ta bar maka? Ta ƙwace albashi, ta ƙwace gurbinka a wancan asibiti, wataƙila ta jawo maka tsegumi a majalisa. Wannan ciwo ne na gaske, musamman ga mai iyali da kuɗin haya a wuyansa, kuma ba laifi ba ne mutum ya ji zafinsa. Amma ba ta cire ilmin da ke kanka ba, ba ta mantar da hannunka yadda ake neman jijiya ko wanke ciwo ba. Hatta lasisinka ba a hannun mai korarka yake ba. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar soja a 1979, ita ke ba da shi, ita ce kuma ke da ikon karɓe shi bayan nata binciken. Arziki kuwa, kai ma ka san daga inda yake zuwa. Asibiti sababi ne, kuma Mai sabubba bai mutu ba.

Saboda haka farkon gyara shi ne gaskiya. Ka keɓe kai kaɗai bayan sallar dare, inda ba abokin da zai zuga ka, ka tambayi kanka: don me aka kore ni? Amsa ɗayan biyu ce, ko an zalunce ka, ko kana da hannu a ciki. Ko wacce ce, akwai misalinta a tarihin magabata.

In ba ka da laifi, dubi Halidu ɗan Walidu, Allah Ya yarda da shi. Sayyidina Umaru ya sauke shi daga shugabancin rundunar Sham ya naɗa Abu Ubaida, daga baya a shekara ta 17 bayan Hijira ya sauke shi daga muƙami gaba ɗaya. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Umaru ya rubuta wa garuruwa yana bayyana cewa ba don ha'inci ya sauke shi ba, tsoro ya ji kada mutane su dogara ga Halidu su manta da Mai ba da nasara. Halidu ya ji abin a ransa, har ya je Madina ya faɗa wa Umaru ƙorafinsa fuska da fuska. Amma bayan saukewar farko ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin Abu Ubaida, bai tayar da fitina ba, bai raba kan runduna ba. Ga darasi biyu a nan: ka nemi haƙƙinka ta ƙofa, kuma kada ka jefar da aikin don an raba ka da kujera. Ka adana takardunka, ka kai kukanka ga ƙungiyarku ta nas-nas, in ta kama ka tafi kotun ma'aikata, kuma kada ka yi jinkiri. Neman haƙƙi bai saɓa wa tawakkali ba. Abin da ya saɓa masa shi ne ka kwashi ɗan abin da ya rage maka ka kai wa boka don ya juya maka zuciyar shugaban asibiti. Ka yi asarar kuɗi, ka kuma jefa imaninka cikin haɗari.

In kuwa kana da laifi, ka yi barci a aikin dare mara lafiya ya galabaita, ko ka ba da magani ba ka duba takarda ba, ko hannunka ya taɓa kayan asibiti, to dubi Ka'abu ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi. A shekara ta 9 bayan Hijira ya ƙi fita yaƙin Tabuka ba tare da wani uzuri ba. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo, mutum tamanin da wani abu suka zo suna rantsuwa da uzurorin ƙarya, aka ƙyale su da zahirinsu. Ka'abu mutum ne mai iya magana, da ya so da ya tsara tasa. Sai ya faɗi gaskiya. Aka ƙaurace masa kwana 50, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, ba mai yi musu magana a Madina. Daga ƙarshe karɓar tubarsu ta sauka cikin Suratut Tauba, ana karanta ta har gobe. Kai ma ka amsa laifinka tsakaninka da Allah, ka nemi gafarar wanda ka cuta in yana raye, ka mayar da abin da ka ɗauka. In wani asibiti ya kira ka ganawa aka tambaye ka dalilin barin wancan aiki, ka faɗa a taƙaice, ka kuma faɗi abin da ka gyara. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a Zariya inda ma'aikatan asibiti suka san juna.

Akwai wani abu cikin labarin Ka'abu da ya kamata ka riƙe. Yana tsakiyar ƙunci sai ga wasiƙa daga sarkin Gassan, yana kiransa ya baro Madina ya zo a girmama shi. Ka'abu ya gane jarrabawa ce, ya jefa ta a tanderu. Kai ma irin wannan wasiƙa za ta zo maka. Wani zai ce ka buɗe ɗaki a bayan kemis ka riƙa yin aikin da na likita ne. Wani zai ce ka samo masa tiramadol, ko maganin tari mai kodin wanda gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi tun 2018, ku raba riba. Wallahi ɗan'uwa, kora ba ta taɓa lasisinka ba, amma wannan zai iya raba ka da shi, ya kai ka kurkuku, ka kuma ɗauki alhakin 'ya'yan mutane. Ka ƙona wasiƙar.

Saura maganar ƙarfin zuciya. Wanda aka kora yakan fara shakkar kansa, har ya ɗauki allura hannunsa na rawa. Maganin wannan shi ne komawa kan aikin, domin zaman ɗaki sai ya ƙara shi. Ka sabunta lasisinka a kan kari, ka koma kan littattafanka, ka halarci kwas ɗin da majalisar ta tanada. Ka karɓi aiki ko a ƙaramin asibiti mai rajista ne, ko a ɗakin shan magani na ƙauye, ko da albashin bai kai na da ba, ka yi wata da watanni ƙarƙashin wani babba wanda zai duba aikinka ya kuma ba da shaida a kanka. In ana aikin gayya na duba marasa lafiya a unguwa, ka ba da kanka. Tuna da Rufaida, Allah Ya yarda da ita, wadda take da tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni don neman lada. A tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙu, shekara ta 5 bayan Hijira. Ba takardar ɗauka aiki ce ta ba ta daraja ba. Duk ciwon da ka wanke da kyau, duk mara lafiyar da ya yi maka addu'a, wani ɓangare ne na zuciyarka yake komowa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kai kuma da kake kan aikinka, akwai haƙƙin ɗan'uwanka a kanka. Kada ka mayar da shi abin hira a wurin mai shayi. Ka ziyarce shi, ka ja shi zuwa sallar jam'i, in ka ji labarin gurbi ka kai masa, in kana da hali ka sauke masa mudu biyu a gida ba tare da kowa ya sani ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma ka fara taya shi kashe tasa.

Allah Ya ba mu ikon faɗa wa kanmu gaskiya, Ya ciyar da mu halal, Ya musanya wa wanda ya rasa aikinsa da mafi alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.