Lissafin Zomaye da Haƙƙin Wanda Aka Koya Wurinsa



Ya ku ƴan uwa, akwai wani jerin lambobi da ya yi suna wurin masu lissafi, ga shi: 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55, 89, haka har ba iyaka. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce, 5 da 8 su ba da 13, 8 da 13 su ba da 21. Ƴaƴanmu na makarantun boko sun san shi da sunan Fibonaci. Tambayar da muke son dubawa ita ce: shin adalci ne a kira wani ilimi da sunan wanda ba shi ya fara gano shi ba?

Mutumin sunansa Leyonardo, ɗan birnin Pisa na ƙasar Italiya. Mahaifinsa ma'aikacin duwan ne mai kula da harkar fataken Pisa a Bijaya, bakin teku, cikin Aljeriya ta yau. Can ya kira ɗansa tun yana yaro, aka koya masa ƙidaya da alƙaluman nan tara da muke aiki da su yanzu. Daga nan ya zaga Masar da Sham da Girka da Sisiliya yana neman ƙari. A 1202 ya wallafa littafinsa Liber Abaci, a ciki ya kawo wata mas'ala: an tsare auren zomo ɗaya cikin katanga, kowane wata su haifi aure guda, waɗanda aka haifa kuwa su soma haihuwa a watansu na biyu, babu mai mutuwa. Aure nawa za a samu a shekara? Ya bi lissafin wata-wata, amsa ta fito 377.

Da yawa cikinmu in sun ji haka sai ƙirji ya buɗe, su ce, "To, ai a ƙasar Musulmi ya koya, ilimin namu ne aka ɗauke!" Rabin maganar gaskiya ne. Amma mai neman haƙƙinsa sai ya yarda a bi sawu har ƙarshe, sawun kuwa bai tsaya Bijaya ba.

Tun kafin Leyonardo ya rubuta littafinsa, malaman Indiya masu nazarin karin waƙa sun riga sun kai ga wannan jeri, kuma ba ta hanyar zomaye ba. Wanda ya taɓa karanta aruli zai gane da sauri. A ɗauka gajerar gaɓa bugu ɗaya ce, doguwa bugu biyu. Ta hanya nawa za a cika bugu huɗu? Hanya 5. Bugu biyar fa? Hanya 8. Dalili shi ne kowane tsari dole ya ƙare ko da gajera ko da doguwa, don haka adadinsa jimillar biyun baya ne. Wirahanka ya bayyana wannan, Gopala ya bi shi, sai Hemacandra wajen 1150, shekara hamsin da ɗoriya kafin littafin Pisa.

Abin lura a nan shi ne halin magabata. Alkawarizmi, da ya yi littafinsa kan waɗannan alƙaluma a Bagadaza wajen 825, ga Indiyawa ya jingina su. Al'uklidisi ma da ya yi nasa a Dimashƙu a 952, lissafin Hindu ya kira shi. Ba su ga wannan ya rage musu komai ba. Shi kansa Leyonardo hanyar Indiyawa ya ce, kuma bai sa wa jerin sunansa ba. Wani masanin lissafi Bafaranshe, Eduwar Luka, shi ya laƙaba sunan a ƙarni na 19, bayan fiye da shekara ɗari shida. Saboda haka kiransa ɓarawo zalunci ne, kuma mu da muke cewa "namu ne" ba tare da ambaton Indiya ba, mun faɗa ramin da muke zargin wasu da shi.

A ganinmu haƙƙi biyu ne a nan: na wanda ya gano, da na wanda ya yi tattaki ya ɗauko ya isar. Sunan Fibonaci ya biya na biyun, na farkon ne ke bin bashi, shi ya sa wasu masana a yau suke ambaton Gopala da Hemacandra tare da shi. Mu da muka gaji ilimin isnadi, inda ba a karɓar hadisi sai an faɗi wa ya ji daga wa, mu ya fi kamata mu riƙe wannan. Malamin da zai koyar da jerin ba zai ɓata minti biyu ba wajen faɗin hanyar da ya biyo.

Wuri ɗaya dai muke da magana kan Leyonardo. A gabatarwar littafinsa ya ambaci mahaifinsa, ya ambaci Bijaya, ya yaba koyarwar da ya samu can, ya lissafa ƙasashen da ya taka, amma bai rubuta sunan malamin da ya zaunar da shi ya nuna masa alƙaluman ba. Da malaman hadisi aka kai wa wannan silsila, da sun ce ta yanke a Bijaya.