Wa Zai Ba Da Labarin Mai Zaman Gefen Gado?

Idan likita ya rasu, ana iya ƙirga tiyatar da ya yi. Idan attajiri ne, a nuna ɗakin jinyar da ya gina, ga sunansa nan a jikin bango. To, wanda aikinsa duka zama ne a gefen gadon majinyaci yana saurare, in ya rasu me za a nuna?

A manyan asibitocin Amurka akwai malaman addini waɗanda ma'aikata ne kamar nas da likita. Ana horar da su, ana biyansu albashi, ana kiransu ko da tsakar dare in rai ya yi halinsa. Yahudawa na da nasu, maza da mata, har suka kafa ƙungiya a 1990, wadda yanzu ake kira Neshama, wato rai a harshen Ibrananci. Ɗaya daga cikin sanannunsu shi ne Rabbi Levi Meier, malami kuma masanin halayyar ɗan Adam, wanda ya yi kusan shekara 30 a asibitin Cedars-Sinai na birnin Los Anjalis kafin rasuwarsa a 2008. Kada ki yi saurin cewa ina ruwanki. Duk matar da ta taɓa kwana a tabarma a ƙarƙashin gadon asibiti ta san darajar wanda ya shigo ya zauna bai yi gaggawar tashi ba.

Aikin yana da tushe a wurinsu, suna ce masa bikur holim, wato dubiya. Littafinsu na Talmud ya ba da labarin Rabbi Akiba, wanda wani almajirinsa ya kwanta ciwo babu malamin da ya leƙa shi. Akiba ya je da kansa, aka share ɗakin aka yayyafa ruwa, almajirin ya farfaɗo. Ki lura, shara ce da yayyafi, ba wa'azi ba. A can ne kuma aka ce mai dubiya yana ɗauke kashi 1 cikin 60 na ciwon. Ɗan kaɗan ne, amma ki tambayi wanda ke kwance.

Ga inda matsalar take. Mafi yawan shaidun wannan malami sun riga shi tafiya. Abin da suka faɗa masa kuwa amana ne: tsoron mutuwa, nadamar ɗan da aka yi shekaru ba a ga-maciji da shi, bashin da iyali ba su sani ba, har da tambayar me ya sa ni. Bai kai wa matarsa ba, bai rubuta don a karanta ba. Ranar da iyalinsa suka taru don tunawa da shi, sai su tarar mafi girman abin da ya yi a duniya ba su da labarinsa. Daga nan ne zuciya ke raya wa mutum a tono, a nemo iyalan majinyata, a ce kowa ya faɗi abin da aka yi a ɗakin, don duniya ta san ko wane ne aka rasa.

A ganina wannan kuskure ne, ko da niyyar mai kyau ce. Wanda ya zo da kansa ya ce malam ya riƙe hannun mahaifiyata har ta cika, a saurare shi, labarinsa ne. Amma bin diddigin sirrin da mamaci ya kare shekara da shekaru, don a ƙawata yabonsa, rushe ginin da ya yi ne. Mutuwar mai riƙon amana ba ta sakin amanar.

Abin sha'awa, al'adunsu na tunawa ba su dogara da labari ba. Duk shekara a ranar rasuwa ana kunna kyandir mai cin awa 24. Sau 4 a shekara ana addu'ar Yizkor a majami'a, kowa ya ambaci sunan nasa. In an je kabari, a ajiye ɗan dutse a kai, alamar wani ya zo. Suna da kuma wata kalma, hesed shel emet, alheri na gaskiya, da suke faɗa wa hidimar da aka yi wa mamaci, domin ba zai taɓa ramawa ba. Rabin aikin malamin asibiti irin wannan ne, tunda yakan hidimta wa mutumin da ba zai kai gobe ba balle ya yi godiya.

Sai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba, kuma mu mata mun fi kowa saninsa. Daren da ya kwana a asibiti, wani gida ne ya kwana babu shi. Akwai matar da ta ɗumama abinci sau biyu ya sake hucewa, akwai yaron da ya yi ta duban ƙofa ranar bikin makarantarsu. Idan malamar mace ce, nauyin ya ninka, don tana dawowa daga ɗakin mai shure-shuren mutuwa ta tarar da nata na jiranta. Shin butulci ne 'yarsa ta ce wa masu ta'aziyya, ku kun same shi fiye da mu? Ni dai ban ga butulci ba. Gaskiya ta faɗa, kuma masu yabo sun fi son waliyyin da bai tauye kowa ba, alhali lokacin da ya ba majinyata daga rabon iyalinsa ya ɗebo shi. Saboda haka in asibiti zai yi taron tunawa da shi, bai kamata matar da 'ya'yan su zauna kamar baƙin da aka gayyato ba. Ko ba su taɓa taka ɗakin jinya ba, da su aka yi aikin, sai a kira sunayensu tare da nasa.