Darasi Daga Tuddan Bosumtwi



'Yan'uwana mata, a cikin Suratul Gashiya Allah (SWT) Ya kira mu da mu dubi yadda aka kakkafa duwatsu. To yau bari mu amsa wannan kira.

A ƙasar Gana, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, akwai wasu tuddai da suka yi zobe suka kewaye tafkin Bosumtwi. Masana ilimin ƙasa sun gano cewa kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin samaniya, ya haƙa rami mai faɗin fiye da kilomita 10. Ƙarfin bugun ya ture ƙasa gefe, ta taru ta zama waɗannan tuddai. Har a Kodebuwa an tsinci ɓurɓushin narkakken dutsen da ya fantsama, ya daskare kamar gilashi. Subhanallah!

Sai ga rahama ta biyo baya. Ruwan sama ya taru a ramin, daji ya lulluɓe tuddan, Allah Ya rayar da wani irin kifi da ba a samunsa ko'ina sai nan. Ƙauyuka da dama suna ci daga tafkin, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren da ake kare halittunsu.

Amma ga abin lura. Babu kogi ko ɗaya da ke fita daga wannan tafki, saboda tuddan sun rufe shi. Duk abin da ya shiga ya zauna ke nan. In an sare itatuwan gangare, ruwa ya kwaso laka da takin gona da shara ya zuba ciki. Ga kamun kifi fiye da kima, har masunta na kukan ya ragu. Wurin da Allah Ya raya bayan halaka, hannun ɗan Adam ke neman ɓata shi.

'Yar'uwa, kada ki ce Gana da nisa. Ledar da kika aiki yaro ya jefa a kwata ba ɓacewa ta yi ba, tana nan tana jiran damina ta toshe hanyar ruwa, a rushe gidan maƙwabci. Ƙasa amana ce, kuma za a tambaye mu. Ki fara da tsakar gidanki, ki koya wa 'ya'yanki cewa kawar da ƙazanta daga hanya sadaka ce.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin. Wassalam.