Kafin Ka Sake Sana'a

Karatu: Luka 14:28-30

 Da an gama kaka a ƙasar Kankiya da Kusada, an sa gero da dawa a rumbu, sai ka ji samari da magidanta suna shawarar barin aikinsu. Wani yana so ya bar noma ya sayi babur, wani yana so ya bar koyarwa ya buɗe shago, wani kuwa ya hau hanyar Kano neman aiki.

Sake sana'a ba zunubi ba ne. Amos makiyayi ne, Allah ya ɗauke shi daga bin garke ya mai da shi annabi. Bitrus da Andarawas masunta ne kafin Yesu ya kira su. Iyayenmu ma sun ga irin wannan. Bayan farin 1973 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, mutane da yawa suka nemi wata hanyar abinci, Allah kuwa bai yashe su ba. Amma a cikin karatunmu Ubangiji ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya lasafta kuɗin, kada ya sa harsashi ya kāsa gamawa, mutane su yi masa dariya. Yana maganar tsadar binsa ne, amma wannan hikima ta shafi aikin hannunmu kuma. Bari mu yi lissafi uku.

Na fari, ka lasafta zuciyarka. Me ke korarka? In aikin nan yana sa ka yin ƙarya ko cin hanci, ko kuwa ba ya ciyar da gidanka ko da ka yi ƙwazo, kana da dalili. In kuwa domin ka ga tsaranka ya dawo daga Abuja da sabuwar riga ne, ka tuna kwaɗayi mabuɗin wahala. Ka ga rigarsa, ba ka ga inda yake kwana ba.

Na biyu, ka lasafta gidanka. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti da ƙarfi a kan mutumin da ba ya kula da iyalinsa (1 Timoti 5:8). Wata nawa sabuwar sana'a za ta yi kafin ta kawo riba, me yara za su ci kafin nan? A ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu. Wanda ya sayar da gonar gado ya sayi babur, ranar nan ba shi da wurin komawa. Babur yana tsufa, gona kuwa tana nan. Kada ka yanke wannan shawara a bakin kasuwa. Ka faɗa wa matarka tun da fari, gama tare za ku sha yunwar ko ƙoshin, ka kuma nemi dattawan ekklesiya.

Na uku, ka lasafta koyo. Mai son aikin asibiti, ga Makarantar Koyon Aikin Lafiya a Kankiya, amma sai da takardar sakandare mai kyau, da shekara biyu ko uku na karatu. Mai son ɗinki ko walda sai ya zauna ƙarƙashin maigida, ya jure aike, ko da ya girme shi. Rani shi ne lokacin gwaji: ka koya da rani, ka koma gona da damina, har sabuwar ta tsaya da ƙafarta. Bulus kansa, yana wa'azi a Koranti, yana ɗinkin alfarwa tare da Akila da Biriskila. Kada mu saki reshe mu kama ganye.

Watakila wani zai ce, ai Elisha ya yanka shanun nomansa, ya dafa naman da itacen garma, bai bar hanyar komawa ba. Gaskiya ne. Amma Elisha bai kira kansa ba. Iliya ne ya jefa masa alkyabba bisa ga umarnin Allah, ya kuma roƙi izini ya sallami uwa da uba. In kiranka na aikin bishara ne, ekklesiya za ta shaida shi tare da kai. In kai kaɗai ne ka ji, ka dakata.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin damina ta faɗi, ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ke rumbu, da bashin da ake binka, da kuɗin makarantar yara. Ka shimfiɗa ta gaban Ubangiji cikin addu'a, kai da iyalinka. Ku kuma dattawa, in saurayi ya zo muku da irin wannan magana, kada ku kore shi da faɗa, ku zauna ku yi lissafin tare da shi. Allah ya bi da mu, ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.