Kada Kara Ta Cinye Maka Haƙƙi

Ɗana Sani, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Mahaifiyarka ta gaya mini injin markaɗe roba ya datse maka yatsu biyu na hannun dama. Ta ce da maigidanka ya kawo ɗan kuɗi a ambulan, ya miƙo takarda wai magana ta wuce, sai ka dangwala masa, ka ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce kam, babu Musulmin da zai musa. Amma abin da ka yi bai yi mini daɗi ba, kuma gara ka ji daga bakina.

Addinin da ya koya mana haƙuri bai ɗauki yatsa abin banza ba. A babin diyya, kowane yatsa raƙuma 10 ne, hannu ɗaya kuma rabin diyyar rai. Malamanmu na Malikiyya suna karantar da wannan a zaure tun kafin a aza tubalin masana'anta ko guda a Bompai ko Sharaɗa. To wa ya gaya maka neman haƙƙi rashin tawakkali ne? Ni dai kara na gani, da tsoron kada a kore ka. Na fahimci tsoron, aiki ya yi wuya. Sai dai wannan hannun shi za ka ciyar da iyali da shi shekara arba'in masu zuwa, in Allah Ya ba da rai, abin da ke cikin ambulan kuwa ba zai ga watan gobe ba.

Akwai doka, ta biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987. Hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun diyyar. Mai kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma an hana shi cire ko sisi daga naka. Dokar ta haɗa har da ɗan koyo da mai aikin wucin gadi, don haka kada a ce maka ba ka da takardar ɗaukar aiki. Ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba, raunin da aka samu a bakin aiki shi ne hujja. Takardar da ka dangwala ma, dokar ba ta yarda ma'aikaci ya sarayar da wannan haƙƙi ta hanyar yarjejeniya da maigidansa ba.

Lokaci ne abin da nake jiye maka. Kwana 14 aka ba ma'aikaci ya sanar da maigidansa, shi kuma ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7, takardar neman diyya kuma a shigar cikin shekara guda. In maigidan ya ƙi, akwai kotun ma'aikata a nan Kano.

An kuma ce mini tuntuni aka cire murfin injin don aiki ya yi sauri, alhali dokar masana'antu ta wajabta rufe shi. Shirun da ka yi ya bar injin a buɗe, yanzu haka ɗan wani ne a tsaye inda kake tsayawa.

Kada ka bari a kai ka wurin mai ɗori, ka ci gaba da zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, ka nemi likita ya rubuta maka rahoto. Tattara rasit ɗin magani, da sunayen waɗanda suke wurin ranar. Ranar Litinin bayan azahar zan zo da ƙanen babanka mu tafi ofishin hukumar tare.