Bokitin Markaɗe

Idan bokitin markaɗe ya dawo daga wurin mai inji, cike yake zuwa taf, ja wur, da kumfa a samansa. Tumatir ne da tattasai da attarugu da albasa, waɗanda aka saya kashi-kashi a kasuwar Keffi, aka cire musu hanci, aka wanke. Mai inji kan tambaya, "Hajiya, in ƙara ruwa?" Wadda ta san kan girki sai ta ce, "A'a ɗana, ɗan kaɗan dai, yadda injin zai ja."

A juye shi a tukunya a ɗora a wuta, ba mai, ba gishiri, a bar murfin a ɗan buɗe. Da ya ɗauki zafi sai ya fara bori. Yana tafasa yana tsalle, yana fantsama a bango da hannun mai juyawa, tururi ya turnuƙe kicin. Wanda bai saba ba zai ɗauka aikin ya fi ƙarfinsa. Amma sannu a hankali layin ja da ke jikin tukunyar yana sauka ƙasa. Ƙarar tana raguwa, kumfa ya ɓace, jan ya ƙara duhu. A ƙarshe abin da ya cika bokiti bai wuce cikin kwano ɗaya ba. Sauran ina ya tafi? Ruwa ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyin ɗanyen tumatir ruwa ne, haka Allah Ya halicce shi, kuma wannan ruwan ne ke sa markaɗen da ya wuni a zafin Keffi ya yi tsami kafin dare.

Sai a zuba man gyaɗa ko manja a soya. Alamar ya yi ita ce man ya rabu da kayan miyan ya taso sama, ya kwanta ya rufe su. Wannan rufin yana tare iska. Mai firij ya raba a ƙananan robobi, na kwana uku a ƙasa, sauran a wajen ƙanƙara. Wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas ya tafasa shi safe da yamma, kuma kada ya yi wanda ya wuce na 'yan kwanaki.

Mutane da yawa a Keffi suna jin faɗuwar gaba idan an ambaci girki. Ga ɗalibar Jami'ar Jihar Nasarawa da ke haya a Unguwar Lambu, risho ɗaya, tukunya biyu, ta fito daga lacca da la'asar ga karatun jarrabawa. Ga ma'aikacin da ya bar gida bayan asuba zuwa Abuja, ya sha cunkoson Nyanya da Mararaba a hanyar dawowa, bai shigo ba sai bayan isha'i. Ga ma'aikaciyar jinya da ta kwana a kan aiki. Ba ƙyuya ke damun su ba. Abin da ke karya musu gwiwa shi ne fara komai daga tushe a daidai lokacin da yunwa ta ci ƙarfinsu: me za a dafa, akwai albasa kuwa, mai inji ya tashi ko yana nan? Kafin a amsa waɗannan tambayoyi, an haƙura an jiƙa gari.

Wanda ya ba da sa'a biyu ranar Asabar ya soya kwanon nan, ya riga ya amsa su duka. Litinin ya dafa shinkafa ya ɗebi cokali uku a kai. Talata ya dafa doya, wadda ba ta wuyar samu a Nasarawa. Laraba ya zuba ruwa a kan ɗan abin da ya ɗiba, ya sa daddawa, ya kaɗa kuka ko agushi. Idan wake ne, a jiƙa shi tun da dare. Iyayenmu mata sun daɗe a kan wannan hanya: kuɓewa a yanka a shanya, kalwa a mai da ita daddawa, tumatir na lokacin araha a busar a ajiye wa damina. Da sanyin safiya ake kama fara.

Abin da ya fi jan hankali dai shi ne yadda tukunyar ta fi hayaniya tun tana da nisa da nuna. Hidimomin mutum ma haka suke zuwa masa, bokiti guda, suna kumfa. Bashi, karatu, gyaran zumuncin da ya yi sanyi, neman sana'a. Yawancin girman da suke da shi a ido fargaba ce da saƙe-saƙen zuci da "me mutane za su ce", kuma su ne ke sa al'amarin ya lalace idan aka bar shi ya kwana ba a taɓa ba. Da yawa suna sauke tukunya a lokacin fantsama, don sun ɗauka ƙonewar hannu alama ce ta rashin iyawa, alhali kowa ta nan yake bi. Wanda ya tsaya yana juyawa zai ga ainihin aikin ɗan kaɗan ne, yana ɗaukuwa da hannu ɗaya. Akwai kuma mai tsoron a ga nasa ya yi kaɗan, sai ya ƙara ruwa don tukunya ta cika ido. Ranar farko ya burge, washegari ya zubar.

Bayan duk wannan wahala, abin da ya fi saurin ɓata kwanon ƙaramin abu ne. Cokali mai jiƙe, ko wanda aka kai baki aka mayar, ya isa ya sa shi tsami. Don haka masu ajiye soyayyen kayan miya suke ware masa cokalinsa daban, busasshe, kuma ba sa barin yaro ya ɗiba da kansa.