Me Ke Tsakiya? Tunani a Kan Zayyana, Hatimi da Da'irar Zikiri

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani. Bayan haka:

'Yan'uwa, ni ƙaramin almajiri ne, ɗalibi a jami'a, haifaffen Anu Araren, garin kwal ɗin nan da ke arewa da Agadas, wanda tasharsa take ba ma'adinan Arlit wutar lantarki. Ban kai matsayin yin fatawa ba. Wata tambaya ce ta hana ni barci, na ga ya dace in kawo ta gaban ahbabu.

Lokacin jarrabawa na lura wani abokin ɗakina yana kwana yana cika wasu zane-zane masu da'ira da launi a wayarsa. Ya ce sunansu mandala, wai suna kwantar masa da hankali. Na ukunmu, wanda ba ya ɗariƙa, ya ce masa wannan aikin masu bautar gumaka ne. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Kai ma kada ka yi dariya, me ya raba shi da hatimin da malamanku suke zanawa?" Na buɗe baki in ba shi amsa, na rasa ta. Tambayar ita ce: shin zane yana iya taimakon bawa ya fuskanci Ubangijinsa, ko kuwa shamaki ne kawai?

Na fara da binciken abin da ake zargi. Mandala kalma ce ta harshen Sanskirit na Indiya, ma'anarta da'ira. Masu ibadar addinin Buda na Tibet suna zana ta da yashi mai launi, suna shafe kwanaki a kai. Siffarta fada ce mai ƙofa huɗu, a tsakiya kuma ana sanya alamar abin bauta, mai kallo yana bi da zuciyarsa daga waje zuwa ciki. Idan an gama sai su share ta gaba ɗaya, su zuba yashin a ruwa, don tuna wa kansu cewa babu abin da yake dawwama. Daga baya wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, Carl Jung, wanda ya rasu a 1961, ya riƙa zana irinta, ya ce tsakiyarta ita ce ainihin kan mutum. Irin wannan fahimta ce ta bi hanya har ta iso wayar abokina.

Da na juyo gida sai na ga ashe mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san zayyana. Ranar sauka ana ƙawata allo da layuka da murabba'ai da da'irori, ja da rawaya da kore, babu siffar mai rai ko ɗaya, domin Musulunci ya yi kashedi a kan suranta masu rai, sai hannun masu fasaha ya koma ga rubutu da lissafin layi. Abin da ban lura da shi ba ranar tawa saukar shi ne abin da aka rubuta a cikin zayyanar: Fatiha da farkon Baƙara. Yaro ya kai ƙarshen Littafi, sai a mayar da shi farkonsa. Ga da'ira nan, ba a kan allo kaɗai ba, a cikin karatun kansa.

Sai kuma hatimi, wanda Larabawa suke kira wafaƙi. Mafi sauƙinsa mai gida tara ne: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ka tara ta kwance, ka tara ta tsaye, ka tara ta gicciye, 15 za ka samu. Jimillar gidajen duka 45 ce. A lissafin abajada sunan Adamu 45 ne, na Hauwa'u kuma 15. Ba ƙananan mutane suka yi aiki a wannan ilimi ba. Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafinsa Bahjatul Afaƙ a kansa a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Har yau masu nazarin tarihin lissafi a Afirka suna ambaton sunansa. Ni da nake karanta lissafi, idan na dubi gidajen nan tara, yadda gusar da lamba ɗaya take rushe sauran duka, sai in tuna cewa halitta a kan ma'auni aka gina ta.

To amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: zargin abokina yana da tushe. Tun da aka rufe ma'adinin COMINAK na Akokan a 2021 aiki ya yi wuya a yankinmu. Na san wani tsarana da ya sayar da wayarsa ya kai wa wani mutum kuɗin, aka zana masa hatimi wai na samun aiki. Ya rataya shi, ya daina zuwa wazifa, har sallar asuba ta fara kuɓuce masa. Da na yi masa magana sai ya ce, "An riga an gama mini aikin." Wannan kalma ta tsorata ni fiye da asarar kuɗinsa. Ya ɗauke dogaronsa daga Mai bayarwa ya ɗora a kan takarda. Ba sai an sassaƙa dutse ake samun gunki ba.

Da na koma gida hutu, bayan zikirin Juma'a, na zauna gaban muƙaddaminmu na kwashe masa labari duka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, kana ta kallon gefe. Duk da'irar da ka gani, tambayi me aka ajiye a tsakiyarta." Ya nuna farin izarin da ake shimfiɗawa a wazifa lokacin karanta Jauharatul Kamali, ya ce, "Me aka zana a kan wancan?" Na ce, "Babu komai, Sidi." Ya ce, "To je ka yi tunani."

Na yi tunanin, ga kuma abin da na fahimta, idan na yi kuskure manya su gyara. Mai ibadar Tibet ya sanya siffar abin bautarsa a tsakiya. Jung ya sanya kan mutum. Tsarana ya sanya buƙatarsa. Mu kuwa an koya mana mu bar wurin fayau. Babbar da'irar Musulmi ita ce ɗawafi, kuma Ɗakin da ake kewayawa, a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya tsarkake shi daga gumaka 360 da aka jera a cikinsa da kewayensa. Bai kafa wata siffa a madadinsu ba. Haka halƙar zikiri take: kafaɗa da kafaɗa, talaka da mai kuɗi, Bahaushe da Buzu da Balarabe, kowa yana fuskantar fili, domin Wanda ake ambato ba ya zanuwa, wuri kuma ba ya ƙunsar Sa. Kalmar hailala ma da kore take farawa kafin tabbatarwa. Sai an share tukuna.

A nan ne na ga bambancin binciken zuci irin na ɗariƙa da wanda ake tallatawa a waya. Mu 'yan Anu Araren mun tashi muna ganin ramin kwal, yadda ake haƙa shi hawa-hawa ana gangarawa don a fito da abin sayarwa. Da yawa haka suke ɗaukar shiga cikin zuciya: in nutsa in samo kaina, in samo natsuwa, in fito da riba. Tarbiyya ba ta ce haka ba. Muridi yana shiga ne don ya kwashe abin da ya tare wurin: riya, hassada, jiji da kai, har da jin daɗin cewa shi mai zikiri ne. Natsuwa tana zuwa, amma kyauta ce, ba ita aka je nema ba.

Akwai darasi guda da na yarda mun yi tarayya da masu share yashi, ko da yake aƙidarmu ta sha bamban. Almajiri yana rubuta allonsa da kyau, ya biya, ya haddace, sannan ya wanke. Wanda ya ƙi wanke allonsa saboda rubutun ya yi masa kyau ba zai ƙara ko aya ɗaya ba. Allon zayyana kaɗai ake ajiyewa, shi ma shaida ce cewa karatun ya koma ƙirji. Ashe zane ɗan rakiya ne, kuma ɗan rakiya a bakin ƙofa yake tsayawa.

Saboda haka ga ma'aunin da na riƙe wa kaina, ko a kan zayyana, ko hatimi, ko adon masallaci, har da carbin da ke hannuna. Shin shari'a ta yarda da abin da ke cikinsa, kuma na san ma'anarsa? Shin bayan na dube shi Allah nake tunawa, ko shi abin? Shin idan ya ɓace yau dogarona zai girgiza? Idan zai girgiza, to ya riga ya zauna a tsakiya, lokacin wanke allo ya yi.

Da aka koma karatu na gaya wa abokin da ya ƙure ni cewa rabin maganarsa gaskiya ce, na kuma gode masa. Mai wayar kuwa ban ce masa kafiri ba, domin launi kawai yake cikawa don gajiya ta sake shi. Na dai faɗa masa asalin abin, na gayyace shi wazifa. Bai zo ba tukuna. Tsarana ma har yanzu takardar tana wuyansa, ina roƙon ahbabu su sa shi a addu'a, ni ma kada a manta da ni, domin ban san abin da nawa nafsin ya ɓoye a tsakiya ba.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga duk abin da ba Shi ba, Ya tabbatar da mu a kan sunnar Masoyinsa (SAW), Ya sa mu cika da imani. Amin.